Tudun da Baffa Ya Share

Yawunde, farkon Nuwamba, 1988

Zuwa ga Baffana Alhaji Ɗanmalam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Asta da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Hamadu direba ya ce har yanzu da sanda kake zuwa shago, kuma ka hana a gaya min. To, ya gaya min. Ni lafiyata lau, sai ruwan saman garin nan da ba ya gajiya, da rogo safe da yamma.

Baffa, ga dalilin rubutowata. Malaminmu na jami'a, Musye Théodore, zai hau arewa da mu a watan Janairu don ya zaɓi wurin da za a yi tono a ranin bana. Saboda matsin da ƙasa ke ciki, wuri ɗaya tak aka yarje masa. Wurare biyu ne a gabansa. Ɗaya yana kusa da Maga, wanda ƙawata Monique da muke karatu tare ta samo. Ɗayan kuwa, ka gyara zama, tudun nan ne mai kukoki na gonarmu ta hanyar Pitowa.

Na san in aka tambaye ka abin da nake karantawa cewa kake "tarihi", ka sauya magana. Bari in gwada yi maka bayani. Mu muna neman wuraren da mutanen da suka zauna, waɗanda ba su bar rubutu ba. Ba a tashi kawai a kama haƙa ko'ina. Da farko ana duba hotunan da jirgin sama ya ɗauka tun zamanin Faransawa. Tsohon mazauni yakan fito fari-fari a hoto saboda toka, sau da yawa kuma da kukoki a cunkushe, don kuka mutane take bi. Sai a tambayi tsofaffi inda aka ce musu akwai kufai. Daga nan a je da ƙafa, bayan an yi girbi ciyawa ta kwanta, mu jeru kamar masu shuka, kowa idonsa a ƙasa. Duk inda aka ga tsingaron tukunya, ko kashin maƙera, ko gutsuren dutsen niƙa, sai a kafa tsinke mai ɗan ƙyalle. Ana leƙa bakin ramin gafiya da inda ruwa ya zaizaye, don su ke fito da abin da ke ƙarƙashi. In an gama sai a ja da baya a ga inda tsinkayen suka fi taruwa. A nan ake buɗe ramin farko.

Ranar da aka shimfiɗa mana hotunan na gane lanƙwasar kogi, na bi ta da yatsa, sai ga farin tabo daidai gonarmu. Na tuna yadda tsingaro ke yanke min ƙafa in na kai wa masu noma abinci. Baffa, na cika baki. Na ce wa Musye Théodore a gaban kowa bai taɓa ganin tudu mai arzikin wannan ba. In ya zaɓe shi, da shi zan rubuta littafin kammala karatuna, kuma zan yi ranin nan duka a gida. In bai zaɓa ba, zan bi Monique Maga in zama mai wanke mata tsingaro, nawa karatun ya tsaya sai wata shekara, in har an sake samun hali.

Roƙona ɗaya ne. Don Allah kada a taɓa wurin. Kada a share, kada a kwashe komai, kada ku wahalar da kanku da wani shiri. A bar shi yadda yake. Jawro, mai garin ƙauyen, kawai za ka sanar cewa baƙi na tafe.

A gaishe min da Inna Asta, a ce mata ina kewar miyarta.

'Yarka,
Kaltumi

Garuwa, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga 'yata Kaltumi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun Hamadu, tana ƙanshin albasar da ya yi lodi. Kowa lafiya. Ƙafa da sauƙi, sandar ta ado ce, shi kuma Hamadu bakinsa ya fi motarsa gudu. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki rage cin rogon nan ki bar mata wuri. Ki yi haƙuri da rubutuna, bokon da na tsinta a kasuwar Yola ne.

Na karanta takardar a shago, na sake karanta ta a gida da ƙarfi don innarki ta ji. Ashe jirgin sama ya taɓa ɗaukar hoton gonata, ba wanda ya gaya min! Na sanar da duk layin masu atamfa cewa babban malamin jami'a zai taso takanas daga Yawunde ya ga gonata. Alhaji Malum, wanda ya ce na ɓata ki da na bar ki kika wuce makarantar lise zuwa jami'a, yanzu shi ke fara gaishe ni.

Inda kika ce kada mu wahalar da kanmu, nan na yi dariya har na yi tari. Jinin gidan nan ke nan. Marigayi babanki in zai zo daga Kusiri haka yake aikowa, kada a yi komai, amma ya iso bai ga an yanka kaza ba sai ya wuni yana huci. Baƙo mai tarbiyya dole ya faɗi haka, mai gida mai mutunci kuma dole ya ƙi ji. Kin yi naki, mun yi namu.

Na je gonar da kaina. Kaltumi, kunya ta kama ni. Na daɗe ban hau tudun ba saboda ƙafa, ashe juji ne sosai. Fasassun tukwane ko'ina, baƙaƙen duwatsu, ramukan gafiya, ba inda mutum zai taka da takalmin kirki. Na ce wato mutumin da ke koyar da 'yata zai zo ya ga haka, ya koma ya ce Hausawan Garuwa a kan shara suke noma? Ba da raina ba. Na ɗauki 'yan ƙodago da manjagara da tsintsiya, suka bi shi daga sama har ƙasa. An toshe ramukan, an cika buhuna, babbar motar Hamadu ta kwaso su. Ba su ma tafi a banza ba, na sa an zuba su a kwazazzabon ƙofar gidanmu da ke cin tayar mota.

Yanzu tudun tas yake, ko sallar idi a yi a kai. Cikinsa da kuke son tonawa ba wanda ya taɓa, samansa kawai aka gyara, don malaminki ya yi aikinsa a wuri mai tsabta. Na sa an kafa rumfar zana, na kuma ɗaure rago. Jawro ya sani, ya ce zai zo da kansa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya kawo ku lafiya.

Baffanki,
Ɗanmalam

Yawunde, farkon Disamba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Ni ma jikina lafiya.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin tasha, sai da na nemi wuri na zauna. Baffa, ba kara na yi muku ba. Ba maganar baƙo ba ce. Da na ce kada a taɓa, kada a taɓa nake nufi. Sharar nan da ka sa aka kwashe ita ce dukan abin da nake da shi. Ita muke tasowa daga Yawunde mu gani. Mutanen da suka zauna a tudun nan ba su bar mana takarda ba, ba su bar mana suna ba, sai tukwanensu da suka fashe da tokar murhunsu. Inda kashin maƙera ya taru, nan maƙera take. Inda duwatsun niƙa suke, nan mata suke aiki. Da wannan ake sanin inda za a buɗe rami. Yanzu malamina zai zo ya tsaya a kan fili mai sheƙi, ya dube ni, ni da na ce bai taɓa ganin irinsa ba.

Shekaru aru-aru abin nan yana kwance. Ruwa bai kwashe shi ba, shanu ba su kwashe shi ba, garma ba ta kwashe shi ba, sai Baffana da tsintsiya. Kuma yanzu motoci ke bi ta kansa a ƙofar gidanmu. Da na san haka za ta faru da ban gaya maka komai ba, da mun faɗo muku kawai ba sanarwa.

Ban iya faɗa wa Musye Théodore ba. Jiya ya tare ni a baranda yana murmushi, ya ce, "Madmazel Kaltumi, yaya tudunmu? Yana jiranmu?" Na ce yana jira. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Monique ta lura ban ci abinci ba, ta tambaye ni ko an yi rasuwa a gida, na ce mata zazzaɓi ne. Yaya zan buɗe baki in ce mutanen gidanmu sun share kufai don a yi wa baƙi kyau? Ajinmu duka ni kaɗai ce Bahaushiya, kuma dama wasu na cewa mu ciniki kawai muka iya.

Ban san abin da zan yi ba. Ragon dai ka sake shi, ba na jin akwai abin da za a yi wa yanka.

Kaltumi

Yawunde, ƙarshen Disamba

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Asta. Hamadu ya zo ya koma, ya sake zuwa, ba takarda daga gare ka. Ya ce ya biya ta shago bai same ka ba, an ce masa kwanan nan ba ka cika zama ba. Ko ƙafar ce ta tashi?

Baffa, na yi maka rashin kunya a takardata ta baya. Kai ka riƙe ni bayan rasuwar babana, kai ka tsaya min lokacin da dangi suka ce karatun ya isa haka. Bai kamata in yi maka magana da wannan harshe ba. Shirunka ya fi min faɗa zafi. In fushi kake ka rubuto ka zage ni, zan ɗauka.

Tafiyarmu tana nan tsakiyar Janairu. Har yanzu ban gaya wa malamina ba. Kullum sai in ce gobe.

'Yarka mai neman gafara,
Kaltumi

Garuwa, farkon Janairu, 1989

'Yata Kaltumi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa ba ta tashi ba. Takardunki biyu duk sun iso.

Ba fushi na yi ba. Kunya ce ta hana ni ɗaukar biro. Ta farkon ban karanta wa innarki ba, na ce mata gaisuwa ce kawai. Na zauna a shago ina auna wa mutane yadi ina kuskure, tsofai-tsofai da ni. Na yi ta tunanin na ɗauki abin da kika yi shekaru kina wahala a kansa na cike rami da shi. Duk wanda ya ce min, "Alhaji, yaushe babban baƙon zai iso?" sai in ji kamar ya watsa min ruwan zafi.

Amma ki kwantar da hankalinki, na gyara. Shi ya sa ba a samuna a shago. Na sa an tone kwazazzabon, maƙwabta na kallo suna tambaya ko zinari na ɓatar, ban kula su ba. An tankaɗe, an mayar cikin buhuna, na yi hayar wata mota, ba ta Hamadu ba saboda bakinsa. Ni da kaina na tsaya aka watsa su a kan tudun. Da yawa sun niƙe a ƙarƙashin taya, na ga ba su kai yadda suke da ba. Sai na tuna akwai wani kufai a hayin kogi, gonar wani abokina, da wani kuma ta wajen dutse. Na sa aka tsinto min daga can aka ƙara. Na bar awakin ƙauye suka tattaka don su zauna da kyau. Wallahi yanzu ya fi da.

Kin ce inda suka fi taruwa nan ake haƙa rami. To, na sa an fi zubawa a gindin babbar kukar nan ta gabas, kusa da tsamiya, inda inuwa take wuni. Ba zan so ki yi rani guda kina tono cikin ranar Garuwa ba.

Abu ɗaya nake roƙonki, kuma ban taɓa roƙonki komai ba. Kada malaminki ya ji. Jawro zai zo, Alhaji Malum ma ya ce sai ya biyo mu. Ki rufa wa baffanki asiri.

Rago yana nan, ban sake shi ba.

Baffanki,
Ɗanmalam

Yawunde, ƙarshen Janairu

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya ni da Monique. Musye Théodore ya tsaya nan Garuwa neman takardar izini daga hukuma, kamar yadda ka sani. A yi wa Inna Asta godiya da guzuri. Ina fatan tsayuwar ranar nan ba ta tayar maka da ƙafa ba.

Na kwana a gidanka ban iya haɗa ido da kai ba, kuma ba mu samu mun keɓe ba, shi ya sa nake rubuto abin da na kasa faɗa. Takardarka ta same ni ana gobe za mu taso, ba halin amsa. Na karanta ta har inda ka yi maganar inuwa, na yi kuka. Ban san ko na tausayi ne ko na takaici ba.

Kai kana rumfa tare da jawro lokacin da muka jeru muka fara tafiya, ba ka ji abin da aka faɗa ba. Kafin mu kai rabin tudun tsinkayenmu sun ƙare, sai da aka karyo karan dawa. Musye Théodore ya durƙusa a gindin kuka, ya ɗauko tsingaro uku ya jera a tafin hannunsa. Ya ce, "Ku zo ku gani. Wannan irin na mutanen wajen dutse ne. Wannan na bakin kogi. Wannan ban ma san shi a yankin nan ba. Duka a wuri ɗaya! Nan kasuwa aka yi, ko mahaɗar hanyoyi." Mutumin nan ya yi furfura a wannan aiki, Baffa, kuma yana murna kamar an yi masa haihuwa. Sai ya ce abin mamaki ne da ba ramin gafiya ko ɗaya, ya dube ni. Na ce manoma ne ke toshewa. Sai ya karɓi guduma ya kafa turke a wurin da ka zaɓa, ya ce, "Nan za mu buɗe."

Na ɓoye masa gaskiya. Ina so in ce don kai na yi, don ka roƙe ni, don ba zan kunyata ka a gaban jawro da Alhaji Malum ba. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka ba. Da ya kafa turken nan daɗi na ji. Na ce a raina ai cikin tudun na gaske ne, in aka tona wa zai sani? Shi ya sa na kasa cin naman ragon.

Abin da ya ƙarasa ni Monique ce. Wurinta na Maga ta yi rani biyu tana binsa da ƙafa, kowane tsingaro ta san inda ta gan shi. Ita ta fara tafa min. A jirgin ƙasa ta raba burodinta biyu ta miƙo min, ta ce, "Naki ya fi nawa, ba gardama. Zan wanke miki tsingaro, amma ki ce wa innarki ta riƙa dafa min miyar nan." Na karɓa na riƙe a hannu har ya bushe.

Baffa, in aka buɗe rami a gindin kukar nan, duk abin da za a rubuta an gina shi a kan buhunanka. Za a buga a littafi cewa an yi kasuwa a inda ba a yi ba, da sunana a kai. Ba zan iya ba. Amma asirin naka ne, kai ka ba ni amanarsa. Ba zan buɗe baki ba sai ka ba ni izini. Don Allah ka amsa kafin ya dawo.

'Yarka,
Kaltumi

Garuwa, farkon Fabrairu

'Yata Kaltumi,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da kuka isa lafiya. Innarki tana gaishe ki da ƙawarki. Yanzu ta san komai, na gaya mata, ta ce min abin da ba zan rubuta ba.

Izinin da kike nema ya zo a makare. Takardarki ta same ni na riga na je.

Ina rumfa ranar nan, amma ba makaho ba ne ni. Na ga malaminki yana murna, na ga yarinyar nan tana tafi, na ga 'yata tsaye kanta a ƙasa kamar wadda aka kama da kayan sata. Alhaji Malum yana ce min, "Ka ga ranar alfahari," ni kuwa naman ya ƙi wucewa. Na tura ki karatu don ki riƙa ɗaga kai a gaban mutane, sai ga shi ni na sunkuyar da ke.

Bayan tafiyarku na sa babbar riga na tafi masaukinsa. Na same shi a baranda yana ta rubutu, tsingaron nan a jere a gabansa. Yana jin Fulatanci, don haka ba mu nemi tafinta ba, na gode Allah da wannan. Ya tashi ya ba ni kujera yana "Alhaji, usoko, usoko," yana yi min godiyar rago. Na ce masa, "Musye, ka ajiye godiyar. Tukwanen nan ni na zuba su." Na faɗa masa tun daga tsintsiya har zuwa awaki. Na yi ciniki da mutane iri-iri daga nan har Kusiri, ban taɓa jin harshena ya yi nauyi haka ba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya tambaye ni daga ina da ina aka ɗebo, na faɗa, ya rubuta. Ya ɗaga takardun da ya cika ya ce, "Alhaji, ka sa na gina kasuwa guda a nan." Na ce a tona mana, ai cikin ba a taɓa ba. Ya ce gaskiya ne cikin yana nan, amma saman ne ke nuna ƙofa, kuma yanzu saman ƙarya yake yi. Rani ɗaya gare shi, ba zai kashe shi yana lalube ba. Maga za su tafi. Na roƙe shi, Kaltumi, ni da ba na roƙo. Ya ce ba hukunci ba ne, aikin ne haka.

Da na tashi tafiya ya raka ni har bakin ƙofa, sai ya ce, "Alhaji, Kaltumi ta sani?" Ƙarya ta zo min har bakin leɓe, mai sauƙi, kuma da ya yarda. Amma na riga na gyara miki abu sau biyu, kin ga yadda aka ƙare. Na ce masa wannan amsar taki ce. Jibi zai taso.

Ki yafe min.

Baffanki,
Ɗanmalam

Yawunde, tsakiyar Fabrairu

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da Inna Asta. Na yafe, kai ma ka yafe min. Na san abin da zuwan nan ya ci maka.

Ban jira ya kira ni ba, na je ofishinsa da safe. Monique tana ciki suna shirin tafiya. Ta tashi za ta fita, na ce ta zauna, ita ma da hakkinta a ciki. Na ce, "Musye, na sani. Tun kafin mu taso na sani, kuma maganar ramin gafiya ƙarya na yi maka." Monique ta juya tana kallon taga. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma da ita zan yi ranin nan a Maga ina wanke tsingaro. Bai kore ni ba. Ya ce in same su a tasha ranar tafiya, in zo da buroshi da bokiti.

Na juya zan fita ya ce in dakata. Ya buɗe babbar taswirar da ake sa wa kowane kufai alama, don masu zuwa bayanmu su san inda za su nufa. Ya ce akwai alamar da ake yi wa wurin da aka dagula samansa, don kada wani ya sake ruɗuwa. Na ɗauka shi zai yi. Sai ya miƙo min jan biro ya ce, "Ke kika fi kowa sanin inda yake."

Na nemo lanƙwasar kogi, na sami gonarmu, na ja layin da hannuna.

'Yarka,
Kaltumi